Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Ƙofar Gwamnati: Tallafi ne ko Rance?



Na san akwai waɗanda da ganin sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da zancen banki da jari, ai wannan gonar mutanen Sashen Tattalin Arziki ce. Gaskiyarsu, ba kuwa zan shiga gonar tasu ba. Amma duk wani shiri da gwamnati ta fito da shi domin taimakon masu ƙananan sana'o'i, da Turanci ake tsara shi a babban birnin ƙasa, da Hausa kuwa yake isa kunnen tela da maƙeri da mai ƙosai a Kano ko Gusau. Tsakanin wancan Turanci da wannan Hausa akwai rami mai zurfi, kuɗi masu yawa sun faɗa cikinsa, mutuncin mutane da dama ya bi su. Abin da nake so in nuna yau shi ne, gwamnati da ƙaramin ɗan kasuwa ba su cika fahimtar juna ba a kan abubuwa biyu: sunan abin da ake bayarwa, da kuma shaidar da ke nuna cewa mutum abin amincewa ne.

Bari mu fara da sanin mutumin da muke magana a kansa. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da hukumar SMEDAN suka yi a shekarar 2017, an sami ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Nijeriya. Fiye da kashi 99 cikin 100 daga cikinsu 'yan ƙanana ne ƙwarai, watau waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba. Galibi ma mutum ɗaya ne da yaronsa, ko mace a cikin ɗakinta da 'yar talla. Shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne ma'aji, aljihun da yake zuba ciniki kuwa daga nan ake cire kuɗin cefane.

Gwamnatocin ƙasar nan ba su taɓa rasa shiri dominsa ba. An kafa Bankin Raya Masana'antu a 1964. A 1973 aka kafa Bankin Ciniki da Masana'antu, da Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna. A 1977 aka yi dokar asusun da ke tsaya wa manoma, wanda ke ɗaukar nauyin kashi 75 cikin 100 na abin da manomi ya kasa biyan banki. Zamanin Janar Babangida aka sami Hukumar Samar da Ayyukan Yi a 1986, da Bankin Jama'a a 1989 wanda ke ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ba, sa'an nan bankunan al'umma, waɗanda na farkonsu aka buɗe a Tudun Wada ta Kaduna a ƙarshen 1990. Daga baya aka narkar da Bankin Jama'a cikin Bankin Manoma a shekarar 2000, aka haɗe bankunan masana'antu suka zama ɗaya a 2001, aka yi dokar SMEDAN a 2003. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, da niyyar kashi 60 cikin 100 ya tafi ga mata. Ba zan gajiyar da ku da sauran sunayen ba. Abin lura shi ne, kusan kowace gwamnati da nata sunan take zuwa, kafin ɗan kasuwa ya gane ƙofar wannan ofis, an sauke allon an kafa wani.

Yanzu mu koma fagena, watau kalmomi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a sha'anin ba da dukiya da karɓarta, harshensa kuwa ya rarrabe abin filla-filla. In ka karɓi gatari za ka mayar da shi ɗin nan, wannan aro ne. In ka karɓi kuɗi ko hatsi za ka mayar da kwatankwacinsa, rance ke nan. In ka ɗauki kaya za ka biya daga baya, ka ci bashi. In ka ajiye gona ko zobe a hannun mai kuɗi har ka biya, ka yi jingina. In wani ya ce ya ɗauki nauyin biya idan ka gaza, ya tsaya maka, ya yi lamuni. A ɗaya ɓangaren akwai kyauta, akwai sadaka wadda ake neman ladanta wurin Allah, akwai gudummawa wadda ake kai wa mai biki ko wanda gobara ta faɗa wa. Kowace kalma da hukuncinta, yaro ma ya san wanda ya ci rance bai ci kyauta ba.

To, da gwamnati ta zo da shirye-shiryenta, wace kalma masu fassara a gidajen rediyo da ofisoshin watsa labarai suka fi ɗauka? Tallafi. Kuɗin da ba za a biya ba, tallafi. Rance mai sauƙin ruwa, tallafi. Rangwamen farashin taki ko na man fetur, tallafi. Buhun shinkafar da aka raba wa waɗanda ambaliya ta ci, shi ma tallafi. Ku duba asalin kalmar. Tallafa wa abu shi ne sa hannu a tare shi kada ya faɗi. A tsohuwar Hausa, tallafi shi ne ɗaukar ɗan wani ka riƙe shi kamar naka, yaron kuwa a kira shi ɗan tallafi. Wa ya taɓa jin uwar riƙo ta kawo wa ɗan tallafinta lissafin tuwon da ya ci? Kalmar tana ɗauke da ƙamshin iyaye, babu ƙamshin biya a cikinta ko kaɗan. Saboda haka idan mai shela ya ce gwamnati ta kawo tallafi, alhali takardar da ke ofis ta ce rance ne mai ruwa kashi 9 cikin 100 da za a biya bayan girbi, to an riga an ƙulla rigima tun kafin a raba ko kwabo.

Kada a ce laifin masu fassara ne kaɗai. Ɗan siyasa ya fi son kalmar tallafi, domin ba a yi wa wanda ya ba da rance kirari. Shirin TraderMoni, wanda aka fara a 2018, rance ne na naira 10,000 marar ruwa, wanda in mutum ya biya zai iya samun na gaba da shi, har ya kai naira 100,000. Amma an yi ta raba shi kasuwa-kasuwa, da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, a gaba, ana saura 'yan watanni zaɓen 2019. 'Yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne, gwamnati ta musanta. Ni ba alƙalin wannan shari'a ba ne. Abin da na sani shi ne, kuɗin da aka miƙa wa mutum cikin kiɗa da taro da hotuna, da wuya ya zauna a zuciyarsa a matsayin bashi.

Misalin da ya fi girma shi ne shirin rancen manoma da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, wanda aka sani da Anchor Borrowers. Tsarinsa a takarda mai kyau ne. Ana haɗa ƙananan manoma rukuni-rukuni, a ba su iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, in sun girbe su kai amfanin gona ga wani babban kamfani, kamar mai injin casar shinkafa, daga nan a cire bashin. Kuɗin da Babban Banki ya zuba a wannan shiri sun haura naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kimanin kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko wanne muka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba a lokacin. Dalilan suna da yawa, bai kuwa kamata a ɗora wa manomi duka ba. Akwai wanda taki ya iso masa bayan damina ta yi nisa, akwai wanda ambaliyar 2020 ta share gonarsa a Kebbi, akwai wanda 'yan bindiga suka hana shi zuwa girbi, akwai kuma sunayen da aka rubuta waɗanda masu su ba su taɓa riƙe fartanya ba. Amma a cikin dalilan akwai wannan: mutane da yawa sun karɓa a kan cewa rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Sakamakon ya faɗa kan na baya. A ƙarshen 2023 sabon Gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa bankin zai janye hannunsa daga irin waɗannan shirye-shirye na ba da rance kai tsaye. Wanda ya ci bai biya ba ya rufe ƙofa ga ƙanensa.

Akwai wata kalma kuma da ke hana mutanen kirki matsowa, ita ce ruwa. A rubutun boko, riba ta ciniki da riba wadda shari'a ta haramta haruffansu ɗaya ne, a baki ne suka bambanta, shi ya sa jama'a suka fi cewa kuɗin ruwa domin a rabu da shakka. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah, wanda shi ne ya fi kowa biyan bashi, sau da yawa shi ne ke ƙin karɓar fom da zarar ya ji akwai ruwa, ko da kashi 5 ne. Wanda bai yi niyyar biya ba kuwa, ruwa bai dame shi ba. Watau sharaɗin yana tace mutane, amma a juye. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, sai a 2020 ne Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ba da kuɗin shirye-shiryensa ta hanyar da babu ruwa. An makara ƙwarai, ga shi kuma ba a yi shelar abin da Hausa yadda ya kamata ba.

Na zo ga abu na biyu, shaidar amana.

Ana yawan cewa ɗan kasuwarmu bai san tsarin bashi ba, sai an wayar masa da kai. Wannan magana ba ta da tushe. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda Hausawan wurin ke cinikin shanu da goro. Ya nuna yadda mai shanu ke tahowa daga Arewa ya sauka gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, maigida ya tsaya a kan cewa kuɗin za su fito. Ba lauya, ba takardar kotu. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne sanin kowa: wane mahauci ne ke biya, wane ne ke da bashi a wuyansa, wane maigida ne bai taɓa cin amanar baƙo ba. Wanda ya saɓa sau ɗaya, kasuwa ta rufe masa. Haka fataken goro suka yi ta yi tsakanin Kano da Gwanja, haka ubangida ke ba yaronsa jari a Kantin Kwari a raba riba, haka uwar adashi ke tara kuɗin mata ashirin ba tare da ta ba kowa rasit ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, ya kuma san yadda ake bi da shi.

Bambancin shi ne, a kasuwa mutum ne shaida, a ofis takarda ce shaida. Ofis yana tambayar takardar rajistar sana'a daga hukumar CAC, da lambar BVN wadda aka fara a 2014, da lambar ɗan ƙasa, da lambar haraji, da bayanin shige da ficen asusun banki, da tsarin kasuwanci a rubuce. In kuɗin da yawa, a ce a kawo jingina, jinginar da banki ya fi so kuwa ita ce gida ko fili mai takardar mallaka. Tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, ba a jinginar da irin wannan fili sai da yardar gwamna. Mutumin da ya gaji gida a cikin birni tun kaka da kakanni, kowa a unguwa ya san nasa ne, a idon banki ba shi da komai. Ba na zargin ma'aikacin da ke neman takarda. Kuɗin jama'a ne a hannunsa, mai binciken kuɗi zai zo, kuma shi bai san mai neman ba. Amma sakamakon shi ne, shekara talatin ta riƙon amana a kasuwa ba ta da gurbin da za a rubuta ta a cikin fom.

Dubi abin da ya faru da shirin da aka fara a 2001, inda aka sa bankuna su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na ribarsu su sayi hannun jari a ƙananan masana'antu. Ga alama wannan ya dace da mu, domin ba rance ba ne, tarayya ce a riba da hasara, irin abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi. Amma sai da kamfani mai rajista, da littattafan lissafi da akanta ya duba, da yarda banki ya sa baki a gudanarwa. Masu sana'a suka ƙi shigo da baƙo cikin dukiyarsu, bankuna suka ce ba su ga waɗanda suka cancanta ba, kuɗi masu yawa suka zauna ba a taɓa su ba, aka daina tilasta shirin a 2008.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da aka mai da neman tallafi ta intanet, kamar yadda aka yi da asusun naira biliyan 75 na ceto sana'o'i da rancen annobar korona a 2020, wata sabuwar sana'a ta tsiro, ta masu cika wa mutane fom. Waɗansunsu yaran kirki ne masu karɓar ɗan ladan aikinsu. Waɗansu kuwa su ce a ba su kaso in kuɗi sun fito, ko su sa lambar wayarsu a madadin ta mai nema, ko su karɓi lambar BVN ta tsohuwa su ci rance da sunanta, ita kuwa sai ranar da aka zare kuɗi daga asusunta za ta ji labari. Ban da 'yan damfara masu aiko da saƙo cewa an zaɓe ka, ka biya kuɗin rajista. A wannan asusu na 2020 akwai abu ɗaya da ya burge ni: kyautar naira 30,000 ga masu sana'ar hannu an bi da ita ta ƙungiyoyinsu, aka kuma yi wa sana'o'i 250,000 alkawarin rajista kyauta. Nan gwamnati ta ɗan matso kusa da yadda kasuwa ke gane mutanenta, ko da yake shugaban ƙungiya ma ɗan Adam ne, yana da 'yan'uwa da surukai.

Kada wani ya fita daga nan da zaton cewa ba da kyautar jari ɓarnar kuɗi ce. Akwai hujja mai ƙarfi a kan akasin haka, daga ƙasar nan kuwa ta fito. A 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta fara gasar YouWiN, inda matasa ke rubuta tsarin kasuwancinsu, wanda ya ci a ba shi kyautar da za ta iya kai naira miliyan 10. A zagayen farko kusan mutum 24,000 suka nema, aka ba 1,200, kowannensu ya sami kimanin dala 50,000 in an daidaita. Fiye da 700 daga cikinsu ta hanyar ƙuri'a aka fitar da su daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe, wannan ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da takwarorinsu da ba ta faɗa wa ba. Bayan shekara uku, ya sami cewa waɗanda aka ba kuɗin sun fi kafa sana'a, sana'arsu ta fi daɗewa, kuma yiwuwar su ɗauki ma'aikata goma ko fiye ta ƙaru da sama da maki 20 cikin 100. Ba su gudu da kuɗin ba. An faɗa musu a fili kyauta ce, an biya su kashi-kashi bisa sharaɗin ci gaban aiki, kuɗin kuma sun isa a sayi inji.

Amma wa ya iya shiga wannan gasa? Mai Turanci, mai intanet, mai iya tsara lissafin shekaru masu zuwa a takarda. Maƙerin da ke ƙera garma a bakin kasuwa ba ya cikinsu. Abin da ke isa gare shi shi ne irin naira 10,000 ta 2018, ko naira 50,000 da Shugaba Bola Tinubu ya yi alkawarin ba masu 'yan ƙananan sana'o'i miliyan 1 a 2023 bayan cire tallafin man fetur, aka fara biya a 2024. In kun auna da dala, waccan ba ta kai 30 ba, wannan kuwa ta ɗan haura 30, watau kusan abu ɗaya ne. Naira 50,000 ba ta kai mafi ƙarancin albashin wata ɗaya ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Ga mai ƙosai tana iya zama wake da mai na 'yan kwanaki, ba na raina ta. Amma a kira ta da sunanta, agaji ce, ba jari ba ce.

Ɗalibai, yawancinku 'ya'yan masu sana'a ne, ku ake kira in fom ya zo gida. Kafin ka taɓa waya, ka nemo wa mahaifinka amsar tambayoyin da shi da kansa zai yi wa duk wanda ya kawo masa kuɗi a kasuwa. Kyauta ce ko rance? In rance ne, nawa za a mayar, yaushe, akwai ruwa ko babu? In an gaza, me za a ɗauka, wa za a kama? Wane ofis ne, ina ƙofarsa take? Ka faɗa masa amsar da kalmar Hausa wadda ba ta da harshen damo. Kada ka sa lambar wayar kowa sai tasa, kada lambar sirrinsa ta bar bakinsa. Ka kuma saya masa littafi na ƙwabo kaɗan ka riƙa rubuta masa abin da ya shiga da abin da ya fita, ko da boko ko da ajami. Tsoron haraji ne ke hana mutane da yawa rajista da rubutu, alhali Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin kamfani daga kan wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, dokar haraji ta 2025 kuma ta ƙara ɗaga wannan iyaka.

Ku kuma ma'aikata, musamman na ma'aikatun ciniki da na watsa labarai, akwai abin da ke hannunku wanda ba ya bukatar kasafin kuɗi. Sanarwar da za ta fita da Hausa, a hana ta fita da kalmar tallafi ita kaɗai. In rance ne a rubuta rance, a faɗi ruwan da ranar biya a cikin jimlar farko. Fom ɗin kansa a buga shi da Hausa, Sashenmu a shirye yake ya duba fassarar. Sa'an nan akwai wata doka ta 2017 da ta halatta a yi jingina da dukiya mai motsi, kamar keken ɗinki, da injin niƙa, da dabbobi, da kayan da ke cikin shago, a rubuta su a rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki. Wannan doka ta tela ce da mai injin markaɗe, su aka yi wa ita, amma ku zaga kasuwa ku tambayi mutum goma ko sun taɓa jin labarinta. A fassara ta, a karanta ta a rediyo, a kai ta taron ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a kuma tambayi bankunan da ke garin nan dalilin da ya sa har yanzu takardar fili suke fara nema.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.